Sallamar Malam Nagoda

Ranar Talatar da aka cire wa Haidar haƙori ita ce ranar da ya haɗu da matarsa, kuma ita ce ranar da ya ɓata da ubanta.

Turmi ne na can ƙuryar baki, irin wanda ke fitowa bayan mutum ya girma. Masu asibiti na ce masa haƙorin hankali, ko da yake ba a taɓa nuna wanda ya ƙara wa hankali ba. Na Haidar bai ma fito ba. Kwanciya ya yi a kaikaice cikin dasashi yana tunkuɗar maƙwabcinsa, har ya hana shi barci, ya hana shi tsayawa gaban ɗalibansa a makarantar sakandaren da yake koyarwa a Tudun Jukun. Likitan wani ƙaramin asibitin haƙori a Tudun Wada ya yi masa allurar kashe zafi, ya tsaga dasashin, ya fasa haƙorin gida-gida ya zaro, ya ɗinke. Sannan ya cusa masa auduga ya ce ya cije, ban da magana, ban da tofar da yawu, ya je ya zauna a benci sai an kira shi.

A kan bencin ya tarar da ita. Yarinya ce siririya da hijabi ruwan toka, kumatunta na hagu ya fara tashi, jini na bin gefen bakinta yana sauka a haɓa, ita kuwa ba ta sani ba. Idonta na kan bango, kan hoton wani haƙori mai murmushi.

Haidar ya rasa yadda zai yi. Ya ciro wayarsa ya rubuta, ya miƙa mata.

"Yi haƙuri, akwai jini a haɓarki."

Ta karanta, ta goge da sauri, ta karɓi wayar ta rubuta a ƙasa.

"Na gode. Kai ma ba ka ga naka kumatun ba ne."

Ya so ya yi dariya, ɗinkin ya hana shi. Haka wayar ta yi ta kai da komo a tsakaninsu. Ya san sunanta Tayyiba, tana shekarar ƙarshe a karatun lauya a Kongo, harabar jami'ar da ke nan garin, gidansu nan Tudun Wada, kuma nata haƙoran biyu aka cire, na ƙasa ya ba likita wahala. Ta san shi malamin adabi ne, maraya, a hannun baffansa ya tashi. Yana cikin rubuta mata cewa yau an samu lauyan da aka rufe wa baki, aka turo ƙofa.

"Assalamu alaikum."

Dattijo ne dogo, farin gemu, carbi a hannu. Tayyiba ta zame daga bencin ta rusuna. Haidar ya ji sallamar, amma bakinsa cike yake da auduga, kansa kuma na kan waya, saura kalma ɗaya ya gama abin da yake rubutawa. Ya gama ta. Da ya ɗago, dattijon na kallonsa, ba fushi a fuskarsa, kallon da mahauci ke yi wa dabba kafin ya taya. Ya ce da 'yarsa, "Tashi mu je."

Kafin ta fita ta zaro biro ta rubuta lambarta a bayan takardar maganinsa.

Kwanakin farko duk a rubuce suka yi su, don ba mai iya buɗe baki sosai. Kunu da ruwan gishiri mai ɗumi, shi ne abincinsu da hirarsu.

"Kumatu, ka sha kununka?"

"Na sha, Lauya. Baffa ya ci tsire a gabana yau. Ina so ki shigar mini da ƙara."

"Ba ka da shari'a. Amma zan karɓi aikin don in riƙa ganin mai ƙara."

Da aka cire masa zare, kumburi ya sace, sai ya fara zuwa zance bayan la'asar. A nan ya san ko wane ne uban nata. Malam Nagoda, jikan malamai, wanda rabin alƙalan garin da limamansa sun zauna a zaurensa. Haidar kan tsaya a bakin zauren ya yi sallama, Malam ya amsa masa cikakkiyar amsa, har da rahama da albarka, a hankali, kalma-kalma, kamar mai nuna wa yaro yadda ake yi. Daga nan ba ya ƙara ce masa komai.

Tayyiba ce ta gaya masa dalili.

"Baba ya ce ya yi maka sallama ba ka amsa ba."

"Ba ki ce masa auduga ce a bakina ba?"

"Na ce. Ya ce ya gani. Ya ce wanda bakinsa ya kasa, ai hannunsa na nan. Ya ce hannunka na kan waya kana rubuta wa 'yar mutane."

Da ƙarya aka yi wa Haidar, da ya samu abin faɗa.

Washegari ya durƙusa gaban Malam ya ba da haƙuri. Malam ya rufe littafin da ke gabansa ya ce, "Ban riƙe ka ba, Malam Haidar. Na dai gan ka. Ranar lafiya kowa mutumin kirki ne. Ran da mutum ke jin zafi, ko ran da ya ga abin da yake so, ranar ake sanin abin da zai fara ajiyewa. Kai sallama ka ajiye."

"Kuskure ne, Malam."

"Na sani. Aure ma da kuskure ake kashe shi, ba da gangan ba."

Akwai kuma Ashraf. Tsohon ɗalibin Malam ne, ɗan unguwar Gyallesu, yanzu ma'aikaci a Abuja, yaron da bai taɓa shiga zauren ba tare da ya cire takalmi tun daga waje ba. Shi bai taɓa mance sallama ba. Irinsu ba sa mancewa. Iyayensa sun riga sun fara zagaye, Malam kuma bai ɓoye inda zuciyarsa ta karkata ba. Da Baffa Sabo, baffan Haidar, ya je neman iri, aka karɓe shi da ruwa da mutunci, aka ce masa yarinya tana karatu tukuna. Duk wanda ya taɓa zuwa neman aure ya san fassarar wannan.

Ana cikin haka, abin da likita ya ambata tun kafin aiki, a cikin jerin abubuwan da ba kasafai suke faruwa ba, ya tabbata a kan Tayyiba. Kumburinta ya sace, ɗinki ya warke, amma leɓenta na ƙasa ta hagu da rabin haɓarta ba su farfaɗo ba. Saiwar haƙorin tana manne da jijiya, aka taɓa ta wajen cirewa. Likita ya ce a jira, wataƙila ji ya dawo cikin watanni, wataƙila ya dawo rabi, wataƙila kuma shi ke nan. Ba laifin kowa ba ne, kuma irin wannan ya fi ciwo, don ba wanda za ka zaga.

A ido ba a ganin komai. Sai in tana shan abu. Ruwa ya bi gefen bakinta ya sauka, ita ce ta ƙarshen sani. Wani lokaci ta ciji leɓen har ya yi jini. Yarinyar da malamanta ke cewa bakinta zai ci da ita a kotu ta koma zama a bayan aji da hankici a tafin hannu.

A wani taron suna a Gyallesu aka miƙa mata kunun zaƙi a tsakiyar mata. Ta manta, ta sha kamar kowa. Mahaifiyar Ashraf na zaune tana kallo. Kafin mako ya zagayo, labari ya gama unguwa. Wasu suka ce somin shanyewar ɓarin jiki ne, wasu suka ce farfaɗiya ce ake ɓoyewa, wata tsohuwa ta ce iska ce. Ashraf bai ce ya fasa ba. Aiki ne ya yi masa yawa a Abuja. Ya ci gaba da kiran Malam duk Juma'a, yana sallama mai kyau.

Haidar kuwa nasa kuskuren ya yi, irin na masu karatu. Ya kwana karance-karance a kan jijiya. Ya zo da ƙwayoyin bitamin, ya zo da sunan wani likita a Kaduna, ya zo da man da wani abokinsa ya ce a riƙa shafawa. Kullum ya zauna a kan tabarma, maganarsa ta farko ita ce, "Ya leɓen? An fara jin wani abu?"

Rannan bayan ya tafi sai ga saƙonta.

"Haidar, tun da abin nan ya same ni ba ka sake ce mini Lauya ba. Kullum leɓe kake zuwa dubawa. Ina da likita. Idan tausayi ne ya riƙe ka, na yafe maka, ka tafi kamar yadda wancan ya tafi. Shi aƙalla bai sa ni ina ba da rahoto ba. Kada ka zo gobe."

Ya rubuta amsa ya goge, ya rubuta ya goge. A ƙarshe ya aika wannan.

"Ban san tausayi ba ne ko mene ne. Na san dai ran da na fara ganinki jini ne a haɓarki, kuma ban tashi daga bencin ba. Ba zan zo gobe ba tun da kin ce. Amma ina nan."

Ba ta amsa ba. Damina ta shigo, lungunan Tudun Wada suka cika da taɓo, ya riƙa wuce bakin layinsu a kan babur bai karya kwana ya shiga ba. Ya koyar da waƙoƙin soyayya ga yaran da ke jiran a kaɗa ƙararrawa. Ramin haƙorin ya cike a bakinsa, harshensa na yawan komawa wurin.

Baffa Sabo ne ya kawo masa labari wata safiya. "An kwantar da Malam Nagoda a asibiti. Ƙoda ce, an ce ta daɗe tana cinsa. Ko ba ka auri 'yarsa ba, dubiya hakki ce. Tashi ka sa riga."

Malam ya rame har gemun ya yi masa yawa. Haidar ya yi sallama a bakin ƙofa, Malam ya amsa daga kwance, muryar ta tafi amma bai rage ko kalma ɗaya ba. Tayyiba na zaune a gefen gado. Ta gaida Baffa, ta gaida Haidar kamar baƙo. Baffa ya yi addu'a ya fita neman likita. Malam ya lumshe ido.

Tun safe ba ta ci komai ba. Ganin uban ya yi barci, sai ta tsiyayi shayi a murfin filas ta juya gefe tana sha. Ɗigo ya gangaro ta hagu, ya tsaya a haɓarta. A daidai lokacin wasu mata 'yan dubiya suka doso ƙofa.

Haidar bai ma dube ta sosai ba. Ya ɗaga hannu ya sosa tasa haɓar ta hagu da yatsa biyu, kamar mai tunani. Ta gani, ta goge da bakin hijabi, matan suka shigo suka tarar da yarinya tsaf.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Kumatu."

"Na'am, Lauya."

"Haka za ka riƙa yi mini?"

"Har ki gaji."

"In bai dawo ba fa? Har abada?"

"Sai in tsufa ina sosa haɓa. Mutane su ce ƙyasbi gare ni."

"Ka zo gobe. Baba ya ce yana son ganinka."

Ashe idon Malam biyu. Washegari ya sa aka tayar da shi aka jingina shi da filo, ya ce Tayyiba ta ba su wuri.

"Jiya na ga hannunka ya yi magana," in ji shi. "Ashe ya iya."

Haidar ya sunkuyar da kai.

"Ni na zaɓa mata wanda ya iya gaishe ni. Ban tambayi kaina wa zai zauna da ita ba bayan babu ni. Tsufa ke nan, mutum ya ɗauka shi za a aura." Ya yi tari mai tsawo. "Ban canza abin da na faɗa a kanka ba. Kana da gaggawa, kuma in ka ga abin da kake so ba ka ganin kowa. Amma tun da ita ce abin, to. Ka turo baffanka. Kada ku ja lokaci, ni ba ni da shi."

Haidar ya yi godiya. Sannan ya faɗi abin da ya daɗe a ransa.

"Malam, ina da roƙo. Ka sake yi mini sallamar nan, in amsa."

Malam ya dube shi, karon farko da wani abu kamar murmushi.

"Kai malamin makaranta ne, ba ka san ƙa'ida ba? Mai shigowa ke sallama. Kai ka shigo ka same ni. In na yi maka yanzu wasa ne, ni kuma ba na wasa da ita." Ya numfasa. "Ban taɓa taka gidan suruki ba, yayyenta duk sun sani. Amma kai zan zo. In kun tare, in na samu ƙafa, zan tsaya a ƙofar gidanka in yi. Ka dai ajiye waya."

"Zan jefa ta rijiya, Malam."

"A'a. Da ita ka samu mata."

Aka sallamo Malam ya koma gida, ba don ya warke ba. Aka yi komai a gaggauce, ba taro, ba kiɗa. Wata Juma'a bayan an sauko aka ɗaura aure a ƙofar gidan, ƙanen Malam ya yi walicci, Malam kuwa na kwance a ɗakin zaure an buɗe masa taga yana ji. Aka shafa fatiha, aka raba goro da alewa. Ashraf ya aiko da saƙon taya murna, mai tsari ƙwarai.

Kafin a kai amarya aka shigar da su wurinsa. Ya ɗora hannunsa a kan Tayyiba, hannun ba nauyi kamar busasshen ganye.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku haƙurin juna, ya rufa muku asiri, ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku. Ke, ban da gardamar lauyoyi a ɗaki. Kai kuma ka riƙa ɗago kai."

Tayyiba na kuka, hawaye na bin kumatunta. Na dama tana sharewa. Na hagu ya sauka ya taru a haɓa, ba ta ji ba. Haidar ya sosa haɓarsa. Malam ya gani, ya rufe ido.

Suka tare a wani gida mai ɗaki biyu a Tudun Jukun. Tayyiba ta gama karatu. Ji ya ɗan dawo mata, kamar tafiyar tururuwa a gefen leɓe, ya tsaya a nan, bai ƙara gaba ba. Ta daina tambayar likita, shi ma ya daina tambayarta. In suna cin abinci cikin mutane, yana zama ta inda za ta gan shi. Ba za a ce ba su ji daɗi ba. Sun ji, gwargwadon yadda duniya ke bari.

Haidar ya sayi sabuwar tabarma da buzu ya ajiye a bayan ƙofa. Bayan la'asar ba ya nisa da gida. Ko yana gyaran takardun ɗalibai, in ya ji tsayuwar Keke Napep a layin sai ya ajiye biro, ya kifa waya, ya saurara.

"Ba zai iya zuwa ba, Kumatu," Tayyiba ta ce masa wata rana, a hankali. "Ko banɗaki sai an riƙe shi."

"Ya ce zai zo."

"Ya ce in ya samu ƙafa."

Sau ɗaya aka yi yunƙuri. Wata Asabar Malam ya tashi da ɗan ƙarfi, ya sa aka ciro masa babbar riga, ya ce a nemo mota. Tayyiba ta ɗora girki, Haidar ya share ƙofar gida da kansa ya shimfiɗa tabarmar. An kai Malam har bakin zaure, numfashinsa ya ƙi, aka mayar da shi. Abincin maƙwabta suka ci.

Bai sake tashi ba. Ya rasu wata safiyar Laraba, ana yayyafi.

Haidar na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Bayan kwana uku ya koma maƙabarta shi kaɗai, ya nemi sabon kabarin, ya tsaya. Ya buɗe baki, sai ya tuna ƙa'idar. A nan ma mai zuwa ne ke sallama. Ya yi ta, kamar yadda ya saba yi a bakin zaure, ya ɗan jira kamar yadda ya saba jira. Sannan ya yi addu'a ya juya.

A gida ya tarar da Tayyiba ta naɗe tabarmar tana neman inda za ta sa ta.

"Bar ta a nan," in ji shi.

Ta dube shi, ta mayar da ita bayan ƙofa. Ta zauna kusa da shi ta jingina kanta a kafaɗarsa, ta ɓangaren da take ji.

Shekaru sun wuce, sun samu ɗa, sun sa masa sunan Malam, suna kiransa Khalifa. A unguwar an san Haidar da abu ɗaya: kafin a gama yi masa sallama ya amsa, ko yana cin abinci, ko yana tsakiyar magana, ko mai tallan ruwa ne. Har tsokanarsa ake yi. Ya amsa wa dubban mutane, cikakkiya, kalma-kalma. Amma ta ranar Talatar nan tana nan inda ya bar ta, a bayan auduga, kuma mai ita ba zai ƙara shigowa ba.

Wa alaikumus salam, Malam, wa rahmatullahi wa barakatuhu.